Larai Mai Karan Gwanda

Ina tsugune ina iza wutar ruwan wankan jego a gidan 'yata Humaira da ke Bacirawa, ranar Talata da hantsi, sai wayata ta yi ƙara. Malam Lawan ne, mijin Larai. Bai taɓa kirana da kansa ba, kullum ita ce ke karɓar wayarsa ta kira. Muka gaisa, ya tambayi mai jego da jaririya.

"Barira, sai haƙuri," ya ce. "Aminiyarki ta riga mu. Yanzun nan."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zame na zauna a ƙasa. Abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Fukar ce?"

"A'a. Tana ɓarar gyaɗa a gindin gwandarta, ta ce kanta na sarawa, ta jingina da bango. Shi ke nan. Ko tari ba ta yi ba."

Allah Ya gafarta mini, a tsakiyar kukan nan sai da na ji wani sanyi a raina. Shekara sittin da ɗaya mutanen garinmu na jiran ranar da fuka za ta ɗauke Larai. Da ajali ya zo, ta wata ƙofa ya shigo, ya same ta zaune tana numfashinta lafiya lau.

Sunanta na yanka Sa'adiyya, amma ranar Laraba aka haife ta, Larai ya bi ta. A Kanyar Maje aka haife mu mu duka, can arewa da Ɗanbatta, inda gonar wannan ke jingine da ta wancan, ba ka samun filin da ba a nomawa. Tun tana rarrafe take da fuka, ciwon nan da ke shaƙe ƙirji, numfashin mutum ya riƙa fito kamar ɗan mage. A lokacin, in yaro ya shaƙe, ɗaki ake sa shi a rufe ƙofa, a lulluɓe shi, a turara masa saiwoyi. Yara da dama sun tafi a cikin hayaƙin nan.

Kakarta ta wajen uwa, Iya Tahira mai daddawa, ita ta hana. Wata rana ta tarar an tura ƙofa an kunna garwashi, ta shiga ta sungumo jikarta ta fito da ita tsakar gida.

"Ku dubi ƙirjinta mana," ta ce da matan gidan. "A kumbure yake tam. Ba iska ta rasa ba, wadda ke ciki ce ta ƙi fita. Sai tsohuwar ta fita sabuwa za ta sami wuri."

Ta kife turmi, ta zaunar da yarinyar a kujera 'yar tsuguno, ta sa ta sunkuya ta ɗora hannuwa a kan turmin. Ta karyo karan ganyen gwanda, mai rami a ciki, ta wanke farin ruwan nan mai ɗaci, ta tsoma bakinsa ɗaya a ƙwaryar ruwa, ɗayan ta sa mata a baki. A ja ta hanci, baki a rufe, ciki ne zai taso ba kafaɗa ba. A hura ta karan a hankali, ruwan ya riƙa ɓul-ɓul-ɓul ba tare da ya fantsama ba. Iya Tahira ba ta ƙirga ɗaya biyu. In ana ja sai ta ce "Bismillahi". In ana hurawa ta ce "Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi", ta ja shi da tsawo. Fitar ta ninka shigar, iyakar sirrin ke nan.

Kullum da safe Larai sai ta yi, ko ciwon ya tashi ko bai tashi ba. A haka na fara ganinta muna 'yan shekara bakwai, a ƙofar gidansu. Na tsaya ina dariya, na ce mata Larai kwaɗo. Ba ta yi fushi ba, ta miƙo mini karan ta ce in gwada. Na cika baki na hura da ƙarfi, ruwa ya wanke mini fuska har cikin hanci. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Tun ranar ba mu rabu ba.

An ce ba za ta kai aure ba, ta kai. An ce ba za ta tashi daga kan gwiwa ba, ta haifi biyar, kowanne da ƙwarya da kara a gabanta. Larai ba ta gudu, ko ruwan sama ne ya taso. Tafiya take baki a rufe, da dami a ka, ta kuma riga mu isa, don mu sai mun tsaya haki. In tana daka, tana sauke taɓarya tana sakin numfashi, sai mu gaji mu bar mata turmin. A hankali mata suka fara aikowa a kira ta: mai naƙudar da ta ruɗe, tsohon da tari ya hana kwanciya, wadda gabanta ke yawan faɗuwa tun da aka yi mata rasuwa. Ba ta da layu, ba ta da garin magani. Kara ɗaya take ɗauka ta tafi.

Kuma ba ta gaba da asibiti. Da abin shaƙar nan na masu fuka ya zo, wanda ake dannawa ya fesa magani a baki, ta nemi nata ta ƙulle a bakin zani. Takan ce karan gwanda riƙe mutum yake yi kada ya faɗi, amma magani ne ke buɗe ƙirji.

Humaira ita ce autata, ita ma ta zo da fuka. Tun tana shekara huɗu Larai ta ɗauke ta, ta koya mata abin da Iya Tahira ta koyar. Da ta girma ciwon ya lafa, sai ya yi shekara bai motsa ba, har muka saki jiki. Shekara shida da suka wuce, bayan kaka, aka sa ranar aurenta da Munir, malamin makaranta a Bacirawa. Suna son juna, kuma shi ya san da ciwon. Danginsa ne ba su sani ba, ni ce kuma na hana a faɗa. Tsoro nake kada a ce mun ba su amarya mai lalura. Larai ta yi mini magana sau biyu, na ce ta bari a gama biki tukuna.

Ranar sa lalle ta faɗo ranar kasuwar Ɗanbatta. Gwaggon ango, Hajiya Aina'u, ta zo daga Kano da turaren wuta na gyaran amarya, ta ce da hannunta za ta turara 'yarsu. Motar da ta kawo ta ta juya ɗauko sauran dangi. Aka shigar da Humaira ɗaki, hannu da ƙafa duk an ɗaure da lalle a cikin leda. Aka zaunar da ita a kujera mai huji, aka tura kaskon garwashi ƙarƙashi, aka lulluɓe ta da bargo har ka don gashi ma ya kama. Aka rufe ƙofa, aka toshe taga da tsumma kada ƙamshin ya tsere. Ina tsaye ina gani. Na buɗe baki zan yi magana, kunyar surukai ta rufe mini shi.

Larai tana gidanta, gida biyu tsakaninmu, tana suyar cincin na biki. Iska ta kaɗo mata ƙamshin ta saman danga. Ta ɗaga kai ta shaƙa, ta tambayi matan da ke taya ta inda ake wannan turare. Suka ce ai ɗakin amarya ne. Ta sauke kaskon mai daga wuta, ta goge hannu. A bakin ƙofa ta miƙa hannu ta karyo karan gwanda mafi tsawo. Ko a ranar ba ta yi gudu ba, amma matan sun ce ba su taɓa ganin ta ɗaga ƙafa haka ba.

Tun daga tsakar gida ta jiyo abin da mu da ke kusa ba mu ji ba. Mata na guɗa suna tsokanar amarya wai kunya ta hana ta magana, amma a ƙarƙashin guɗar akwai wani siririn fito. Ta banke ƙofa, ta shiga cikin hayaƙin, ta yaye bargon, ta janyo kaskon ta fita da shi ta kife a bakin kwata.

"Wace ce wannan?" in ji Hajiya Aina'u. "Baiwar Allah, kin san daga inda aka kawo turaren nan?"

"Ko daga ina ne, Hajiya, a yi haƙuri. Yarinyar nan fuka gare ta."

Hajiya ta juyo ta dube ni, na sunkuyar da kai.

Aka fito da Humaira rumfa. Bakinta a buɗe, kafaɗunta na hawa suna sauka, leɓenta ya yi fari kamar an shafa toka. Ko "Inna" ta kasa cewa. Na zazzage akwatinta na samo abin shaƙarta, na danna, babu komai, ya daɗe da ƙarewa ba wanda ya duba. Na kalli bakin zanin Larai. Ta girgiza kai. Nata ta bai wa wani tsoho makwabcinsu a makon, ta ba da saƙon sabo wurin masu zuwa kasuwa, ba su dawo ba.

Motocin garin biyu duk suna kasuwa, babura ma haka. Daga Kanyar Maje zuwa bakin titi yashi ne, tafiyar kusan awa guda a amalanken shanu. Aka buga wa wani direba waya ya ce zai jira mu a titi. Malam Lawan ya dawo ke nan daga gona da amalanke cike da harawa. Larai ta leƙa ta ce, "Malam, zubar da ita." Bai tambayi dalili ba, ya ture harawar a ƙofar gida.

Aka ɗora turmi a kife, aka ɗora amarya da ledojinta, ta sunkuya a kansa. Larai ta zauna a gabanta da ƙwarya, ni a bayanta. Ramin farko da amalanken ya faɗa, ruwan ƙwaryar ya tuntsure a cinyarmu. Larai ta waiga ta hango butar alwalar mijinta rataye a jikin katako, ta fizgo ta, ta zura karan a ciki. Hannun Humaira a ɗaure yake, don haka Larai ce ta riƙe mata karan a baki.

"Humaira, dube ni. Ba uwarki ba, ni. Kada ki nemi iska, ki kori wadda ke ciki. Hura."

Ɓul. Ɓul. Sau biyu kawai, sai ta saki karan ta koma haki, idanunta sun firfito. Na fashe da kuka.

"Barira," in ji Larai, ba ta ko kalle ni ba, "in kuka za ki yi, sauka ki biyo mu a ƙasa. Tana jin ki. In za ki zauna, sa tafinki a bayanta ki yi numfashi tare da ita."

Na haɗiye kukan, na sa hannu. Larai ta mayar mata da karan baki. "Bismillahi. Rufe bakin, ta hanci. Yawwa. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi." Ɓul uku. Aka sake. Ɓul huɗu. Shanu na tafiya, Malam Lawan na lallaɓa su da baki, bai ɗaga tsumagiya ba don kada su zabura su girgiza ta.

Mun wuce gonakin bayan gari sai na ji haki a gefe. Hajiya Aina'u ce take bin amalanken a ƙasa, leshinta na jan yashi, takalmanta a hannu. Malam Lawan ya tsaya ta hau. Ta ware mayafinta ta yi wa Humaira inuwa.

Wajen rabin hanya na lura muryar Larai ta fara yankewa. Takan ce "Alhamdu" ta tsaya. Na kasa kunne, sai na ji fito biyu, ba ɗaya ba. Hayaƙin da ta shiga ya tayar mata da nata ciwon. Gumi na tsattsafo mata a goshi. Humaira ma ta ji, ta zaro ido, numfashinta ya sake rikicewa.

Larai ta zare karan, ta karya shi biyu a gwiwa, ta zura duka biyun a butar. Ɗaya a bakin Humaira, ɗaya a nata.

"Hajiya," ta ce da ƙyar, "kin ji yadda nake faɗa? Karɓa."

Hajiya Aina'u ta gyara zama ta ɗaga murya. "Bismillahi! Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi!"

"A hankali, Hajiya. Ba rabon goro ba ne."

Ta sassauta. Suka haɗa goshi a kan buta ɗaya, tsohuwa da amarya. In Larai na hurawa Humaira na ja, in Humaira na hurawa Larai na ja. Butar ba ta yi shiru ba ko sau ɗaya. Da tafina da ke bayan 'yata na ji kafaɗunta suna saukowa kaɗan-kaɗan. Fiton bai tafi ba, amma ruɗewar ta tafi. Ɓul ɗinta ya kai bakwai, ya kai takwas.

Da muka hango motar a bakin titi, Larai ta zare karanta ta ce, tana tsayawa tsakanin kalma da kalma, "Amarya a amalanke, da butar Malam a baki. Wannan gata ko a Kano ba a yi wa kowa ba. Ko, Hajiya?"

Humaira ta so yin dariya, tari ya sarƙe ta. Larai ta mayar mata da karan. "Dariya sai an jima. Hura."

A asibitin Ɗanbatta gado biyu aka ba su kusa da juna, aka sa wa kowacce abin rufe hanci da baki mai tururin magani. Kafin la'asar Humaira ta buɗe baki ta ce, "Inna, ƙishirwa." Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba.

Malamar asibitin ta ga butar da karan nan biyu ta tambaya. Da aka yi mata bayani ta ɗaga karan tana juyawa.

"Ai abin da muke koya wa masu ciwon ƙirji ke nan, su tsuke baki su fitar a hankali. Da ta zo a ruɗe tana haki tun daga ƙauye, ban san yadda za mu karɓe ta ba. Baba, wa ya koya miki?"

"Kakata, mai daddawa."

"Allah Ya ji ƙanta. Amma kada a sake zama babu abin shaƙa a gida. Mai fuka kuma ba ita ba hayaƙi, ko na turare ne."

"Faɗa wa uwarta," in ji Larai. "Ga ta nan tana ɓuya a bayan Hajiya."

Aka ɗaga biki kwana uku. Lallen ya fito dabbare-dabbare, babu wanda ya damu. Ranar kai amarya Hajiya Aina'u ta tsaya a gaban mata ta ce da an gaya mata tun farko da ba ta kunna ko tsinke ba, kuma 'yarsu ce da fukarta da komai. Sannan ta ja Larai gefe ta roƙi kara biyu, wai Alhajinta na fama da ƙirji. Ni kuwa Larai ba ta taɓa goranta mini ba. Sau ɗaya na ɗauko maganar zan ba ta haƙuri, ta ce in tashi in duba tuwona yana kamawa.

Tun daga bikin nan, a Kanyar Maje ba a turara amarya sai an tambayi uwarta ko tana da ƙirji, kuma ƙofa a buɗe ake bari. Malamar asibitin ta riƙa aikowa ana ɗaukar Larai ranar awon masu ciki, ta zauna a tabarma da butarta ta nuna musu. Da wuya ka shiga gida a garinmu yanzu ba ka ga gwanda a bayan ɗaki ba, yawancinsu daga irin da ta rarraba ne.

Humaira ta daɗe ba ta samu ciki ba, sai bana. Da watanta ya tsaya na taho Bacirawa, Larai ta ba ni kara shida a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, da sabon abin shaƙa, da 'ya'yan gwanda a ƙulle. Ranar Juma'a Humaira ta sauka lafiya, da kara a bakinta, ta sami 'ya mace. Larai ba ta ga suna ba. Munir da kansa ya ce ba sai an yi shawara ba, yarinya ta ci sunan Sa'adiyya. Allah Ya ji ƙan mai sunan, Ya yalwata mata kabarinta, Ya sa iskar Aljanna ta riƙa kaɗa mata.

Ranar Lahadi, kwana biyu kafin rasuwarta, ta kira ni da wayar Malam Lawan. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Kai wayar bakin yarinyar in ji."

Na kara wayar kusa da hancin jaririyar. Tana barci, tana numfashinta ƙanana-ƙanana. Can ta motsa ta callara kuka, har Humaira ta taso. Na mayar da wayar kunnena, na tarar Larai na dariya.

"Ƙirji fes! Wannan ta fi uwarta huhu. Ke kuma hakin me kike yi?"

"Murna ce, Larai."

"Murnar ce za ta shaƙe ki? Rufe bakin nan ki ja ta hanci, tsohuwar banza. Shekara hamsin ina koya miki."

"To, na ja. Yaushe za ki taho?"

"Jajibirin suna, in Allah Ya kai mu. Kin shuka 'ya'yan gwandar?"

"Tukuna."

"Ki shuka yau, Barira. Kusa da inda ake zubar da ruwan wanka. Kafin yarinyar ta iya zama, ganyen ya yi kara."